Babbar Manhaja: Mai Rabon Aiki a Cikin Waya da Kwamfuta

A farkon watan Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar, saboda yaƙin da ake yi da 'yan bindiga. Daga Gusau har Talata Mafara, daga Bakura har Maradun da ƙauyuka irin su Dosara, aka wayi gari ba kira, ba saƙo, ba intanet. Amma duk wanda ya zauna a yankin a wannan lokaci zai tuna cewa wayoyin ba su mutu ba. Ana sauraron karatun malamai da aka ajiye a memori, ana ɗaukar hoto, ɗan kasuwa na buga lissafinsa, fitilar waya na haska tsakar gida da dare, samari na tura wa juna finafinai ta Xender da Bluetooth. Sabis ne kawai ya tafi, abin da ke tafiyar da wayar yana nan daram.

Wannan abin shi ne babbar manhaja, kuma ita nake so mu bi daki-daki. A wayar Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, sunanta Android. A iPhone sunanta iOS. A yawancin kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu Windows ce. Na'urar POS mai shafawa da ke hannun yaron da ke ba ka kuɗi ranar kasuwar Talata, galibi Android ce a cikinta, haka ma na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Mutum na iya shekara goma da waya a aljihu bai taɓa tunanin akwai ta ba, alhali kusan duk kukan da yake kai wa mai gyara, ko wayar ta yi nauyi, ko ta cika, ko tana shan caji, ko wani ya kwashe masa lambobi, a kanta yake komawa.

Mu fara da tsarin na'urar kanta. Kowace kwamfuta, har da wayar hannu, hawa uku ce. A ƙasa akwai kayan ƙarfe waɗanda ake iya taɓawa: masarrafa, wato furosesa, wadda ke yin lissafi, ram, inda ake shimfiɗa aikin da ake kai a yanzu, ma'adana, inda hotuna da sauti ke kwana ko da an kashe wayar, sai allo da kyamara da makirufo da batir da sauransu. A sama akwai ƙananan manhajoji da muke latsawa kullum, irin su WhatsApp da Facebook da manhajar banki da ta Alƙur'ani. Babbar manhaja tana tsakiya. Ƙananan manhajoji ba su da iznin taɓa kayan ƙarfe da kansu. Duk abin da suke so sai sun roƙe ta, ita kuma ta duba ta ba su ko ta hana.

Kwamfutocin farko ba su da wannan hawa na tsakiya ko kaɗan. ENIAC, wadda aka kammala a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1945, nauyinta ya kai kimanin tan 30, kuma idan ana son ta yi sabon lissafi sai an cire wayoyinta an sake jona su da hannu, an murɗa makunnai masu yawa. Mata shida ne suka fara wannan aiki, kuma shirya lissafi ɗaya yakan ci kwanaki. Da aka shiga shekarun 1950 sai aka koma rubuta umurni a kan katuna masu huda. Mai aiki ya kawo tarin katunansa ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, ya tafi, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi sakamako. Matsalar ita ce injin mai tsadar gaske yana zaune ba aiki duk lokacin da ma'aikacin ke sauke katunan wani yana ɗora na wani. Don toshe wannan asara ne injiniyoyin General Motors da na North American Aviation suka rubuta wani ɗan shiri a 1956 don kwamfutar IBM 704. Aikinsa ɗaya ne: da zarar aikin wani ya ƙare, ya ɗauko na gaba ba tare da jiran mutum ba. Masu tarihin fannin da yawa daga nan suke fara ƙirga babbar manhaja.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi muhimmanci a ganina, domin har gobe a kansa ake tafiya. A 1961, a jami'ar MIT, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna wani tsari mai suna CTSS. Sun lura cewa ɗan Adam yana da jinkiri ƙwarai idan aka gwada shi da injin: kafin ya danna harafi na biyu, injin ya isa ya yi dubban lissafi. Sai suka sa kwamfutar ta riƙa zagayawa tsakanin mutane da yawa, tana ba kowa ɗan guntun lokaci, da saurin da kowannensu zai ɗauka shi kaɗai take yi wa aiki. Da mutane suka haɗu a kan inji ɗaya sai buƙatar kare kayan kowa ta taso, kuma a wannan tsari ne kalmar sirri ta fara shiga kwamfuta. Shekara ɗaya bayan haka, a Jami'ar Manchester ta Ingila, kwamfutar Atlas ta zo da dabarar aron wuri daga ma'adana idan ram ya yi kaɗan. Za mu sake haɗuwa da wannan dabara a cikin wayoyin hannu.

Daga nan MIT da General Electric da cibiyar bincike ta Bell Labs suka haɗa kai a kan wani gagarumin tsari mai suna Multics. Ya yi girma da wahala har Bell Labs ta janye a 1969. Ma'aikatanta biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, ba su haƙura ba. Suka samu wata ƙaramar kwamfuta, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, suka gina ƙaramin tsari mai sauƙi wanda daga baya aka kira Unix. A 1973 suka sake rubuta shi da yaren C, wanda Ritchie ya ƙirƙira. Kafin lokacin, kusan kowace babbar manhaja a ɗaure take da irin injin da aka yi ta dominsa. Idan injin ya tsufa, ita ma ta tafi. Rubuta Unix da C ya sa ana iya ɗaukar sa daga wani inji a kai wani da ɗan gyara. Jami'o'i suka karɓe shi tare da asalin rubutunsa, ɗalibai suka karanta suka ƙara masa, musamman a Berkeley ta jihar Kalifoniya. Babbar manhajar iPhone da ta kwamfutocin Apple na yau daga wannan zuriya suka fito.

Labarin Windows kuwa ta wata hanya ya biyo, kuma ba sai mun daɗe a kansa ba. Da IBM ta fitar da kwamfutar tebur a 1981, Microsoft ce ta ba ta babbar manhaja, DOS, wadda ita ma sayo ta ta yi daga wani ƙaramin kamfani a Seattle, inda Tim Paterson ya rubuta ta. Allo ne baƙi, sai ka rubuta umurni harafi-harafi. Dabarar nuna hotuna da tagogi da linzami ta bunƙasa ne a cibiyar binciken Xerox, Apple ta yaɗa ta a kasuwa da Macintosh a 1984, Microsoft ta biyo da Windows a 1985, sannan Windows 95 ta mamaye ofisoshin duniya.

Inda labarin ya iso aljihunmu shi ne Linux. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU da nufin samar da babbar manhaja irin Unix wadda kowa ke da 'yancin karantawa, ya gyara, ya rarraba. Masu shirin sun rubuta sassa da yawa, amma zuciyar manhajar ba ta kammalu ba. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta tasa zuciyar a kan kwamfutarsa ta gida, ya sa ta a intanet, ya nemi jama'a su gwada. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu. Yau yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da shi, kuma tun daga ƙarshen 2017 duk kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya a kansa suke. Kamfanin Android, wanda Andy Rubin da abokansa suka kafa a 2003 kuma Google ta saya a 2005, a kan zuciyar Linux ya gina tsarinsa, wayar farko ta fito a 2008. Lokacin da layin GSM ya shigo Nijeriya a 2001 ƙananan Nokia ne a hannun mutane. Yanzu manomin shinkafa a Bakura da ke duba farashi a wayarsa, abin da ɗalibin nan na Helsinki ya fara ne yake yi masa aiki.

To, yaya cikin babbar manhajar yake? A can tsakiya akwai zuciyar da muka ambata, wadda masana ke kira kanel. Ita kaɗai ce ke da cikakken iko a kan kayan ƙarfe. Wannan ba yarjejeniya ba ce kawai, a jikin masarrafar aka gina shi: tana da yanayi biyu, na mai cikakken iko da na mai taƙaitaccen iko. Kanel na aiki a na farko, sauran manhajoji duka a na biyu. Idan ƙaramar manhaja ta yi yunƙurin taɓa abin da ba nata ba, masarrafar da kanta za ta tsayar da ita ta miƙa wa kanel, shi kuma ya rufe ta. Saƙon nan da kan fito cewa manhaja kaza ta tsaya, sau da yawa ma'anarsa ke nan: ta yi kuskure, an kashe ta ita kaɗai, wayar ta ci gaba. A zamanin DOS babu wannan katanga, kuskuren manhaja ɗaya yakan daskarar da kwamfutar gaba ɗaya.

Manne da kanel akwai direbobi. Direba ɗan shiri ne da ya san yaren na'ura guda, misali wannan kyamara ko wancan injin buga takarda. Shi ya sa za ka jona sabuwar firinta a kwamfuta, wuta na ciki, takarda na ciki, amma ta ƙi bugawa har sai an sa mata direba. A saman kanel akwai hidimomi da kowace manhaja ke ara, kamar zana rubutu a allo, kunna sauti, da gano inda kake. A can sama kuma sai fuskar da ido ke gani. HiOS na Tecno da XOS na Infinix fuskoki ne da kamfanin Transsion na ƙasar Sin ya ɗora. Idan ka leƙa ƙarƙashinsu, Android ce iri ɗaya.

Wannan tsari na hawa-hawa shi ke bayyana abin da ke faruwa idan ka kunna waya. Ram a lokacin fanko ne, domin duk abin da ke cikinsa yana gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Wani ɗan umurni da aka dasa a jikin masarrafa tun daga masana'anta ne ke fara farkawa, ya tayar da shirin da ke ɗauko kanel daga ma'adana ya zuba shi a ram. Kanel ya tayar da direbobi, ya tayar da hidimomi ɗaya bayan ɗaya, sai a ƙarshe fuskar ta bayyana. Duk tsawon lokacin da kake kallon tambarin kamfani, wannan ake yi. Idan wayar ta maƙale a tambari, wani mataki ne a wannan jeri ya lalace. A nan ne ya kamata kowa ya san bambancin abubuwa biyu da masu gyara ke faɗa. Fomatin, wato mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, kayanka yake sharewa, hotuna da lambobi da manhajojin da ka sa, ya bar babbar manhajar yadda take. Filashin kuwa sake rubuta babbar manhajar ce kanta, kuma yawanci shi ma yana tafiya da kayanka. Kafin ka yarda da ko wanne, ka tambaya ko an kwafe maka abin da ke ciki.

Bari mu bi aiki guda mu gani da idonmu. Wata uwa a Maradun tana son aika wa ɗanta da ke karatu a Sakkwato saƙon murya. Ta ɗora yatsa a kan alamar makirufo. Gilashin allon ya ji taɓawar, ya aika wa masarrafa sigina mai katse duk abin da take yi. Kanel ya karɓa, direban allo ya fassara siginar zuwa wuri takamaimai, tsarin ya duba ya ga WhatsApp ce a gaba, ya miƙa mata labarin cewa an taɓa wuri kaza. WhatsApp ta gane ana son ɗaukar murya, amma ba ta da hanyar kaiwa ga makirufo, sai ta roƙa. Babbar manhaja ta duba ko mai wayar ta taɓa ba da wannan izni. Idan ta bayar, direban sauti ya buɗe makirufo, muryar ta zama lambobi tana zuba a wani yanki na ram da aka ware. Ta ɗaga yatsa. WhatsApp ta matse sautin ya ƙanƙance, ta kulle shi, ta roƙi a ajiye kwafi a ma'adana, ta kuma roƙi a aika. Sashen sadarwa na kanel ya yayyanka saƙon ƙanana-ƙanana, ya sa wa kowane yanki lamba da adireshi, ya miƙa wa na'urar da ke magana da eriyar kamfanin waya. Idan wani yanki ya ɓace a hanya, kamar yadda yake yawan faruwa inda sabis ke rawa, a sake tura shi. Duk wannan ya wuce kafin ta sauke wayar daga bakinta, kuma a daidai lokacin agogo na tafiya, ana lura da zafin batir, ana sauraron ko kira zai shigo.

Ta yaya abubuwa da yawa haka ke gudana lokaci ɗaya? Wannan shi ne aikin babbar manhaja na farko, rabon lokacin masarrafa, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa saurin fahimtarsa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, babbar hanyar ruwa ce ke fita daga gare ta, ta rarrabu zuwa ƙanana, gonaki masu yawa na jira. Da za a bar kowa ya buɗe ƙofa yadda ya ga dama, na kusa da bakin ruwa zai sha har ya yi ambaliya, na ƙarshen layi shukarsa ta bushe. Sai an bi juyi: a buɗe wa wannan sashe, a rufe, a buɗe wa na gaba, wanda shukarsa ke cikin haɗari a gaggauta masa. Haka kanel ke yi da masarrafa, sai dai juyinsa ba na kwana ba ne, na 'yan ɓangarori ne cikin dubu na daƙiƙa. Ya ba wannan manhaja, ya karɓe ko ta gama ko ba ta gama ba, ya rubuta inda ta tsaya, ya ba wata. Abin da ke gaban idonka da kiran da ke shigowa su ake fifitawa, aikin da ke bayan fage ya jira. Wayoyin yanzu suna da masarrafa mai ƙwaya 4 ko 8, kowace na ɗaukar aiki, amma ayyukan da ke layi sun ninka haka sau da yawa, don haka juyin bai taɓa tsayawa ba.

Aiki na biyu shi ne rabon ram, kuma a nan yawancin kukan "wayata ta yi nauyi" yake. Kowace manhaja da aka buɗe ana yanka mata nata yanki, ba ta ganin na wata. Idan ram ɗin giga 2 ne, babbar manhaja ta ɗauki nata kason, ka buɗe Facebook da TikTok da WhatsApp, wurin ya ƙare. Abin da Android ke yi shi ne ta rufe manhajar da ka fi daɗewa ba ka waiwaya ba. Shi ya sa za ka fita daga manhajar banki don kwafo lambar asusu, ka dawo ka tarar ta koma farko. Ba lalacewa ba ce, wuri ne ya yi kaɗan. Saboda irin waɗannan wayoyi Google ta fitar da Android Go a 2017, da manhajoji marasa nauyi. Sannan akwai abin da ake rubutawa a kwalin waya, kamar 8+8 ko 4+4. Lambar farko ce ram na gaskiya. Ta biyun aro ne daga ma'adana, dabarar nan ta Atlas ta 1962, kuma ma'adana ba ta kusa da saurin ram. Tana taimakawa wajen hana rufe manhajoji, amma mai saye ya yi ciniki a kan lambar farko. Manhajojin da ke alkawarin share ram su ƙara wa waya gudu kuwa, ban ga amfaninsu ba: suna rufe abin da tsarin zai sake buɗewa, su ci batir, su cika allo da talla.

Aiki na uku shi ne tsara ma'adana. Katin memori bai san hoto ko waƙa ba, miliyoyin ƙananan gurabe ne kawai masu lamba. Babbar manhaja ce ke riƙe da rajistar da ke cewa fayil mai suna kaza yana gurbi kaza da kaza. Abubuwa da dama na fitowa daga wannan. Idan ka zare kati ko filash ana tsakiyar rubuta rajistar, tana iya ruɗewa, wayar ta ce sai an yi wa katin fomatin alhali kayan na ciki. Idan ka goge hoto, sau da yawa sunansa kawai aka cire daga rajista, ainihinsa yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa, don haka kada ka sayar da kati ko ka ba da aronsa da tunanin ka share sirrinka. Katin jabu kuma ƙarya yake yi wa tsarin: ya ce shi giga 64 ne alhali bai wuce 8 ba, sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho, sai ranar da ka nemi bidiyon walima ka tarar ba ya buɗewa. Ƙananan katuna masu tsarin FAT32 kuma ba sa karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da akwai wuri.

Aiki na huɗu shi ne tsaro, kuma shi ne ya fi damuna. Android tana ɗaukar kowace manhaja kamar wani baƙo dabam mai nasa ɗaki a kulle. Manhajar wasa ba ta iya leƙa ta banki. Tun daga Android 6 ta 2015, duk manhajar da ke son kyamara ko makirufo ko lambobin waya ko saƙonni sai ta tambaye ka kai tsaye. Katangar tana da ƙarfi, amma makullin a hannunka yake, kuma da yawanmu muna danna amincewa ba tare da karantawa ba. Manhajojin bashi da suka addabi 'yan Nijeriya, waɗanda ke aika wa dangin mutum da surukansa saƙon cin mutunci idan ya yi jinkirin biya, ba fasa wayar suka yi ba. Izni suka nema aka ba su. Abin ya yi ƙamari har Google ta hana irin waɗannan manhajoji neman lambobi da hotuna a 2023. Ka tambayi kanka me manhajar fitila za ta yi da saƙonninka, inda lambar sirrin banki ke shigowa. Haka nan manhajar da aka turo maka ta Xender ko aka sa maka a shagon tura waƙoƙi, musamman kwafin WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, ba wanda ya tantance abin da ke cikinta. Shiga saitin wayarka, nemi sashen izni, ka duba su wa ke da ikon karanta saƙonni da lambobi. Aikin minti biyar ne.

Akwai wani ƙaramin aiki da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Tsarin haruffa na ASCII da aka kafa a Amurka a 1963 gurabe 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shekaru da yawa masu buga littattafan Hausa suna fama da haruffa na musamman waɗanda ke rikiɗewa su zama akwatuna idan an buɗe rubutun a wata kwamfuta. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma manyan manhajojin yau duka sun karɓe shi. A allon rubutu na Gboard kana iya ƙara Hausa a cikin harsuna ka samu haruffanmu masu lanƙwasa. Babu sauran uzurin rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya.

Saura batun sabuntawa. Babbar manhaja rubutu ce mai layi miliyoyi, mutane ne suka rubuta ta, dole a samu kurakurai, kuma wasu kurakuran ƙofa ce ga ɓarawo. Sabuntawar da waya ke nema, wadda muke ɗagawa saboda tsadar data, yawanci toshe irin waɗannan ƙofofi ce. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta riga ta fitar da maganin tun watan Maris, ba a dai sa shi ba ne. Kamfanin ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Amma har yau za ka shiga shagon buga takardu ka tarar da Windows 7, ana cusa mata filash ɗin kowa, a kanta kuma ake cike wa ɗalibai fom da lambar NIN da bayanan banki. Yawancin laftof na hannu da ake kawowa kasuwanninmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, masu su kuma ba su da kuɗin sabuwa.

Ga irin waɗannan injina akwai mafita, kuma kyauta ce ta halal, ba kwafin sata ba. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, da danginsa marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint, suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, ana sabunta su, suna zuwa da manhajar rubutu da ta lissafi. Ana iya sa su a filash a kunna kwamfuta da su a gwada ba tare da an goge komai ba. Ba kowace firinta ko manhajar aiki ce za ta yi daidai da su ba, don haka a gwada kafin a sauya.

Kirana na musamman ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da malamansu, da samarin da ke gyaran waya a bakin kasuwa. Windows da iOS a rufe suke, ba za ka ga yadda aka rubuta su ba. Linux a buɗe yake tun daga layin farko, kuma shi ne a cikin wayoyin da ake kawo muku gyara kullum. Ku nemi tsohuwar laftof ko da guda ce, ku sa mata shi, ku buɗe baƙin allon umurni, ku duba jerin ayyukan da ke gudana da yadda ake raba musu ram, ku kashe ɗaya ku ga abin da zai faru. Wanda ya koya kuma ya zauna da iyayensa da maƙwabtansa ya duba musu sashen izni a wayoyinsu.